Kumburin hanji mai daɗewa: ko wata ƙwayar cuta ce sila?

Wanda likita ya shaida wa yana da cutar Crohn ko kolaitis, ko ba daɗe ko ba jima sai ya tambayi daga ina abin ya fito. Idan kuma ƙwayar cuta ce, me ya hana a kashe ta kowa ya huta? Masu bincike sun haura shekara ɗari suna bin wannan sawu. Ga tambayoyin da masu fama da ciwon da iyalansu suka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wace cuta ake nufi da kumburin hanji mai daɗewa?

Manyan cututtuka biyu ne likitoci ke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya, IBD. Ta farko ita ce cutar Crohn. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Takan kama nan ta tsallake can, kuma kumburinta na ratsa duk kaurin bangon hanji, shi ya sa take jawo tsukewar hanji, ko ɓulewar wata hanya daga hanji zuwa fata ko mafitsara. Ta biyu ita ce kolaitis mai gyambo, wadda babban hanji kaɗai take kamawa, ta faro daga dubura ta yi sama ba tare da tsallake ba.

Gudawar da ta ƙi tsayawa, jini a bayan gida, murɗar ciki, rama da kasala su ne alamomin da aka fi sani. Ciwon yakan lafa ya sake tasowa. Ƙiyasin shekarar 2017 ya nuna mutum kusan miliyan 6.8 ne ke fama da shi a duniya. Kada a haɗa shi da IBS, wanda ke damun hanji ba tare da kumburi ko gyambo ba.

A taƙaice, ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko a'a?

Babu wata ƙwaya guda da aka tabbatar ita ce sila, yadda aka tabbatar da ƙwayar tarin fuka ko ta kwalara. Amma hakan bai wanke ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji ba, domin hujjoji sun nuna suna da hannu dumu-dumu. Abin da mafi yawan masana suka tsaya a kai shi ne abubuwa uku ne ke haɗuwa: gadon da ya raunana yadda jiki ke mu'amala da bakteriya, wani abu daga muhalli, da garkuwar jiki da ta tayar da faɗa da mazauna hanji ta kasa dainawa. Inda ake kai ruwa rana shi ne ko cikin waɗannan mazauna akwai wasu takamaimai da ke kunna wutar.

Ana ɗauka? Zan iya shafa wa maigidana ko 'ya'yana?

A'a. Cin abinci a kwano ɗaya, kwanciyar aure, shayarwa, ko amfani da banɗaki ɗaya ba sa watsa cutar Crohn ko kolaitis. Gaskiya ne ana samun ciwon fiye da sau ɗaya a wasu dangi, amma gado ne da zama a muhalli ɗaya ke bayyana hakan. Gadon ma ba hukunci ba ne: ko tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ya kamu, ɗayan bai kamu ba.

Abin da ake iya ɗauka shi ne wasu cututtukan da kan hau kan mai IBD, irin bakteriyar Clostridioides difficile. An yi bayaninsu a amsar da ta shafi gwaje-gwajen da likita ke yi.

To me ya sa tun farko aka zargi ƙwayar cuta?

Saboda kama. Kolaitis na kama da atini, Crohn kuma na kama da tibin hanji, har da ƙananan ƙulluka na ƙwayoyin garkuwa da ake kira granuloma. A 1913 wani likitan tiyata na Glasgow a Sikotilan, Thomas Kennedy Dalziel, ya bayyana marasa lafiya masu kumburin hanji, ya ce abin ya yi kama da wata cutar shanu. A 1924 J. Arnold Bargen na asibitin Mayo a Amurka ya ɗora alhakin kolaitis kan wata bakteriya, amma maganar ba ta ɗore ba. A 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka bayyana cutar da ta ɗauki sunansa a asibitin Mount Sinai na New York, kuma sun nemi ƙwayar tibi a hanjin ba su samu ba.

Abin da ya hana zargin mutuwa shi ne darasin olsa. An yi shekaru ana cewa damuwa ce da yawan sinadarin asid ke kawo gyambon ciki, sai Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa bakteriyar Helicobacter pylori ce ke bayan mafi yawansa, har suka sami kyautar Nobel a 2005. Cutar Whipple ma, wadda aka bayyana tun 1907, sai a shekarun 1990 aka gano ainihin bakteriyarta. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai yi gaggawar rufe ƙofa ba. Sai dai a tuna: maganin olsa ya karɓu ne saboda idan aka kashe ƙwayar gyambon ya warke bai dawo ba. Wannan ma'auni ne har yau ba a cika ba a IBD.

Ina yawan jin sunan MAP. Mece ce?

Taƙaitaccen sunan Mycobacterium avium paratuberculosis ne, 'yar'uwar ƙwayoyin tarin fuka da kuturta. Ita ke kawo cutar Johne a shanu, tumaki da awaki, cutar da aka bayyana a Jamus a 1895, wadda ke sa dabba gudawa da rama har ta mutu. Ita ce cutar shanun da Dalziel ya ambata.

Ƙwaya ce mai wuyar sha'ani. Takan ɗauki makonni da yawa, wani lokaci watanni, kafin ta tsiro a ɗakin gwaje-gwaje. Sai a 1984 Rodrick Chiodini ya fitar da ita daga hanjin wasu masu cutar Crohn. A 1989 aka gano wani yanki na jigidar halittarta mai suna IS900, wanda ya ba da damar neman sawunta ko da ba ta tsiro ba. Likitan tiyata John Hermon-Taylor na Landan ya shafe shekaru yana kare wannan ra'ayi. A 2004 wani bincike da Saleh Naser ya jagoranta a Amurka ya ce ya tsirar da MAP daga jinin rabin masu Crohn da aka gwada, bai same ta a jinin waɗanda ba su da IBD ba. Da aka tattara bincike da dama a 2007, an ga lallai an fi samun sawunta a masu Crohn.

Idan an fi samun ta a masu ciwon, me ya hana a yarda ita ce?

Ganin ƙuda a kan gyambo bai nuna ƙuda ne ya yi raunin ba, ko da yake yana iya hana shi warkewa. Hanjin da ya kumbura ya tsattsage yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyi iri-iri, kuma garkuwar mai Crohn ba ta iya share bakteriya yadda ya kamata. Saboda haka MAP na iya zama sila, tana iya zama mai ƙara wa wuta fetur, tana kuma iya zama baƙuwar da ta sami wuri ta zauna.

Akwai kuma abubuwan da suka ƙi jituwa da ra'ayin. Ana samun sawun MAP a lafiyayyun mutane. Ɗakunan gwaji ba su dace a kan sakamako ɗaya ba, wasu su samu da yawa, wasu su rasa gaba ɗaya. Binciken da aka yi a Amurka da Birtaniya bai nuna masu kiwon shanun da ke da cutar Johne sun fi sauran kamuwa da Crohn ba. Mafi nauyi a ganina ita ce hujjar magani. Infliximab, wanda aka amince da shi don Crohn a 1998, yana danne wani sinadarin garkuwa mai suna TNF, kuma an san yana tayar da tibin da ya yi kwance a jiki. Da a ce wata 'yar'uwar tibi ce ke cin hanji kai-tsaye, da sai ciwon ya ta'azzara, amma sai ga gyambo na warkewa. Masu goyon bayan MAP suna amsawa da cewa ƙwayar na ɓuya cikin ƙwayoyin jiki a wata siffa marar bango, da adadi kaɗan, kuma ba ta yin halin tibi. Amsa ce mai yiwuwa, amma tana buƙatar hujjarta.

An gwada maganin MAP a kan mutane?

An gwada, sau biyu a manyan gwaje-gwaje, da haɗin magunguna uku: clarithromycin, rifabutin da clofazimine. Na farko a Ostireliya, an buga sakamakonsa a 2007, da mutum 213. A mako na 16 ciwon ya lafa wa kashi 66 cikin ɗari na masu shan maganin, da kashi 50 na waɗanda aka bai wa maganin bogi don kwatantawa. Amma bayan shekara biyu ana sha, amfanin bai ɗore ba. Na biyu, mai suna MAP US, da mutum 331, ya bayar da sakamako a 2018: a mako na 26 kusan kashi 37 sun sami lafawa, a ɓangaren kwatantawa kuwa ƙasa da kashi 25.

Kowane ɓangare na karanta waɗannan alƙaluma yadda ya ga dama, amma ga abin da ba a iya musu. Ba a zaɓi mahalarta bisa ko suna ɗauke da MAP ba. Magungunan kuma suna kashe bakteriya iri-iri, wasunsu ma suna rage kumburi da kansu. Don haka ko an sami sauƙi, ba a san ko MAP aka kashe ba. Maganin ba ya cikin hanyoyin da aka saba bi wajen kula da Crohn, kuma yana da illa: rifabutin na iya kumbura ido ya rage fararen ƙwayoyin jini, clofazimine na canza launin fata, clarithromycin na iya taɓa bugun zuciya. Ba abin da mutum zai saya ya gwada da kansa ba ne.

In daina shan madara ke nan?

Babu hujjar da ta nuna masu shan madara sun fi kamuwa da Crohn. An taɓa samun MAP da rai a kimanin kashi 2 cikin ɗari na samfuran madarar da aka dafa a masana'anta a Birtaniya, shi ya sa ake ƙoƙarin rage cutar Johne a garke. Amma mai IBD na cikin haɗarin raunin ƙashi, musamman idan yana shan sitiroyid, kuma yana buƙatar kalsiyam. Abin gudu shi ne ɗanyar madarar da ba a dafa ba, balle ga mai shan maganin danne garkuwa.

Ban da MAP, wa ake zargi?

Wadda ta fi samun karɓuwa ita ce wani nau'in bakteriyar E. coli da ake kira AIEC. Arlette Darfeuille-Michaud ta Clermont-Ferrand a Faransa ce ta fara bayyana ta a 1998. Tana manne wa bangon hanji, ta kutsa ciki, ta rayu har ta hayayyafa cikin fararen ƙwayoyin jinin da aikinsu haɗiye bakteriya ne, ta sa su riƙa fitar da TNF. A binciken 2004 an same ta a ƙaramin hanjin kusan kashi 22 cikin ɗari na masu daɗaɗɗen Crohn, da kashi 6 na waɗanda ba su da shi. Ke nan mafi yawan masu ciwon ba su da ita, wasu lafiyayyu kuma suna da ita.

Akwai bakteriyar Klebsiella, wadda wasu nau'o'inta ke saukowa daga baki su zauna a hanji su tayar da kumburi a ɓeraye. Akwai dangin yis: fiye da rabin masu Crohn suna da sinadarin garkuwa mai suna ASCA a jini, wanda ke kai hari kan bangon yis, kuma a 2021 an sami wani yis mai suna Debaryomyces hansenii a gyambunan da suka ƙi warkewa. A ɓangaren bairos, wani gwaji na 2010 ya nuna ɓerayen da ke da rauni a ƙwayar gado ATG16L1 ba su nuna lahani a hanji ba sai da wani norobairos ya kama su, alhali bairos ɗin bai yi wa sauran ɓeraye haka ba. Wani lokaci kuma rashi ne matsalar: a 2008 an nuna bakteriya mai kwantar da kumburi, Faecalibacterium prausnitzii, tana ƙaranci a masu Crohn, kuma masu ƙarancinta sun fi ganin dawowar ciwon bayan tiyata.

Gaskiya ne ƙyanda ko allurar riga-kafinta na jawo Crohn?

Ba gaskiya ba ne. Andrew Wakefield ne ya yaɗa wannan a shekarun 1990. Da aka yi amfani da gwaje-gwaje masu inganci ba a sami bairos ɗin ƙyanda a hanjin masu Crohn ba, manyan binciken jama'a ma ba su ga alaƙa ba. A 2010 mujallar Lancet ta janye maƙalarsa ta 1998 kan riga-kafin, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. Mai IBD ma ya fi kowa buƙatar riga-kafi. Abin lura kawai shi ne masu shan maganin danne garkuwa su tuntuɓi likita kafin a yi musu riga-kafin da ke ɗauke da ƙwaya mai rai.

Wace hujja ce ta fi ƙarfi cewa bakteriyar hanji na da hannu?

Ta farko daga ɓeraye ta zo. Ɓeran da aka cire wa ƙwayar gado IL-10 yakan kamu da kumburin hanji, amma idan aka raine shi inda babu bakteriya ko ɗaya, ba ya kamuwa. Ta biyu daga mutane: a birnin Leuven na Beljiyam, Paul Rutgeerts da abokan aikinsa sun nuna a 1991 cewa idan bayan tiyata aka karkatar da abin da ke bin hanji ya fita ta fatar ciki, sashen da aka huta wa ba ya kumbura, da zarar an mayar da hanya kuwa sai ciwon ya dawo. A 1998 suka zuba abin cikin hanjin a sashen da aka keɓe, cikin kwana 8 kumburi ya fara bayyana.

Ta uku ita ce gado. NOD2, ƙwayar gadon farko da aka danganta da Crohn a 2001, aikinta shi ne gane wani ɓangare na bangon bakteriya. ATG16L1 da IRGM, da aka gano a 2007, suna taimaka wa ƙwayar jiki ta narkar da bakteriyar da ta shige ta. Yanzu an san wurare sama da 200 a jigidar halitta masu alaƙa da IBD. Abin sha'awa, wannan ya juya tunanin da aka saba: watakila matsalar Crohn ta faro daga garkuwar da ta gaza share bakteriya tun farko, kumburin kuma ya biyo baya. Sai dai mafi yawan masu sauyin NOD2 ba sa kamuwa, kuma sauye-sauyen da aka sani a Turawa kusan babu su a Japan da Koriya da Sin, alhali cutar na ƙaruwa a can.

Ciwona ya fara ne bayan na ci gurɓataccen abinci. Shi ya jawo?

Mutane da yawa suna ba da wannan labari, kuma an bincika. A Denmak wani nazari na 2009 ya ga waɗanda Salmonella ko Campylobacter suka kama sun fi samun IBD daga baya. Amma a 2011 wani nazarin a ƙasar ya ga irin wannan ƙaruwa har a waɗanda aka gwada bayan gidansu ba a sami komai ba. Ma'ana, da yawa ciwon ya riga ya fara, shi ne ma ya kai su gwajin. Wannan bai kore yiwuwar gudawa mai tsanani ta zama tsinken da ya tayar da abin da ke kwance ba. Abin da ya kore shi ne zargin kai. Ba sakacinku ba ne.

Idan bakteriya na da hannu, me ya sa antibayotik ba ya warkarwa?

Domin ba ƙwaya ɗaya ake fama da ita ba, kuma antibayotik ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Yana da wurinsa: ƙurji mai mugunya, yoyon gefen dubura, kumburin jakar da ake ƙerawa bayan cire babban hanji, da jinkirta dawowar Crohn bayan tiyata da metronidazole. A kolaitis kuwa ba shi cikin maganin yau da kullum. Bincike a Suwidin da Denmak ma ya nuna yawan shan antibayotik na tafiya tare da ƙarin haɗarin kamuwa da IBD.

Tarihin sulfasalazine ya isa misali. Nanna Svartz ta Suwidin ce ta samar da shi wajen 1940, ta haɗa mai kashe bakteriya da mai rage kumburi. A 1977 aka nuna a Oxford cewa ɓangaren rage kumburin ne ke aikin a kolaitis, daga nan mesalazine ya samo asali. Duk mai jin daɗin maganin danne garkuwa kada ya ajiye shi don ya karanta labarin wata ƙwaya, domin kumburin da aka bari yana barin tabo da ba ya gyaruwa.

Dashen bayan gida fa, da tsutsar ciki?

Dashen bayan gida, wato sanya bakteriyar hanjin lafiyayyen mutum a hanjin marar lafiya, yana aiki sosai a C. difficile mai dawowa. A kolaitis sakamakon matsakaici ne: gwajin Kanada na 2015 ya sami lafawar ciwo a kashi 24 cikin ɗari, da kashi 5 a ɓangaren kwatantawa, na Ostireliya a 2017 ya sami kashi 27 da kashi 8, na Holan kuwa bai ga bambanci mai ma'ana ba. Ba abin yi a gida ba ne. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar da mutuwar wani mai raunin garkuwa da ya kamu da bakteriya mai bijire wa magani ta wannan hanya.

Batun tsutsa ya fito daga lura cewa ciwon ya fi yawa a ƙasashen da tsutsar ciki ta yi ƙaranci. Ƙananan gwaje-gwaje da ƙwan wata tsutsar alade sun ba da fata a 2005, amma manyan da suka biyo baya a masu Crohn ba su nuna amfani ba.

Idan ba cuta mai yaɗuwa ba ce, me ya sa likita ke gwada min tibi da bayan gida?

Dalili biyu ne. Na farko, akwai cututtukan ƙwayoyi da ke kwaikwayon IBD: tibin hanji, atinin amiba, Yersinia da sauransu. Bai wa mai tibin hanji ko amiba maganin danne garkuwa bisa zaton IBD ne na iya kai shi ga halaka, shi ya sa a ƙasashen da tibi ya yawaita wani lokaci ake fara gwada maganin tibi idan an kasa bambancewa. Na biyu, mai IBD na gaskiya ma idan ciwonsa ya taso, wajibi ne a duba ko C. difficile ce ko bairos ɗin CMV ya hau kai, domin maganinsu daban ne. Kafin a fara magani irin infliximab kuma ana neman ɓoyayyen tibi da ciwon hanta nau'in B, saboda dalilin da aka ambata a amsar hujjojin da suka ƙi jituwa da MAP.

Me ake jira kafin a ce an tabbatar?

Tsofaffin sharuɗɗan Robert Koch na ƙarni na 19 suna son a sami ƙwayar a kowane mai ciwon, a tsirar da ita, ta kuma haifar da cutar a wani. Ba su dace da ciwon da ya dogara ga gado da muhalli ba. Abin da ake nema yanzu shi ne a ga wanne ya riga zuwa, ƙwayar ko ciwon. An yi irin wannan a cutar jijiyoyi ta MS: a 2022, bayan bin bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, an ga haɗarin kamuwa ya ninka sau 32 bayan shigar bairos ɗin Epstein-Barr, ko da yake kusan kowa na ɗauke da shi.

A IBD ma an kama wannan hanya. Shirin GEM da aka fara a Kanada a 2008 yana bin lafiyayyun dangin masu Crohn kimanin 5,000, kuma ya ga raunin bangon hanji da sauyin bakteriya kan riga ciwon bayyana. Jinin sojojin Amurka da aka adana ya nuna sinadaran garkuwa masu kai wa ƙananan halittu hari shekaru kafin a gano cutar. Ni dai na fi karkata ga cewa abin da ake kira Crohn ba cuta ɗaya ba ce, kuma wata ƙwaya na iya zama babbar sila a wasu ba a wasu ba. Gwajin da zai raba gardama shi ne a ware masu ɗauke da ƙwayar, a kashe ta ita kaɗai, a tabbatar ta tafi, sannan a leƙa hanjin da na'ura a ga ko gyambon ya warke bai dawo ba. Don haka ne ake gwada bairos masu cin bakteriya a kan AIEC da Klebsiella, domin su suna iya zaɓar nau'i ɗaya su bar sauran.